Tsamin Inna Haske

Shekarar da farashin fulawa ya haukace, sandar burodin Tahiru ta riƙa ramewa kamar mai jinya. Har direbobin tashar Filinge suka fara yi masa tsiya, in ya miƙa musu sai su ce, "Tahiru, burodi kab ba mu ko asawaki?" Shi kuwa sai ya yi dariyar yaƙe ya koma bakin tanderunsa.

Gidan burodin nasu ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya da tanderun ƙasa a bayan tasha. Tahiru ke da wuta da murza ƙullu, matarsa Mas'uda ke da sayarwa da tunani. Tunani kuwa Allah ya hore mata shi, ko maƙiyinta ba zai ce ba ta da shi ba. Ita ce ta ce idan sandar burodi ta gaza riƙe gida, to sai a samo abin da za a gasa wanda ba ya cin fulawa da yawa.

Ta fara da burodin zogale. Ya fito kore shar, wata mata ta ɗaga shi ta duba ta ce Allah ya sawwaƙe ta sayi abin da ya yi fumfuna tun daga wuta. Ta yi na ƙuli-ƙuli, samari suka so shi, amma wani dattijo ya dawo da gutsuren haƙorinsa a tafin hannu yana neman wanda zai yi masa bayani. Gato, wato kek, mai dabino kam ya yi daɗi ba ƙarya, sai dai masu sayensa ma'aikata ne, su kuma ƙarshen wata kaɗai ake ganin fuskarsu. Biskit ɗin garin magarya ma an yi, kuma awakin unguwa ba su taɓa samun shekara irin wannan ba.

A ƙofar gidan burodin, gindin dogon yaro, nan Inna Haske ke suyar masar gero. Tsohuwa ce 'yar Bonkuku, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tandarta ita ce gonarta, ita ce rumbunta. Tun kafin a gina tanderun take zama a wurin. Ba a taɓa jin kansu ba, domin kowa ya san iyakarsa: mai shayi ya sayi burodi, mai yaji ya sayi masa. Lokacin da Mas'uda ke goyon 'yarta Anisa, a bayan Inna Haske yarinyar ta yi rabin barcinta na safe.

Wata safiya Mas'uda na tsaye da gatonta da ba wanda ya taya, idonta ya kai kan layin da ke gaban tanda. 'Yan lakwal masu shirin tafiya makaranta, masu kura, matan unguwa da kwanoninsu, kowa na jiran a juya masa tasa. Nan tunanin ya faɗo mata. Gero ne fa, geron da duk ƙasar Kurfai ke nomawa. In aka zuba ƙullun masa a gwangwanin tumatir aka tura tanderu, ba mai, ba jiran juyi, faranti guda zai fitar da abin da tsohuwar ke soyawa hantsi guda. Zuciyarta ta ce mata wannan kasuwar da mai ita, amma ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ta gwada da yis na leda, abin ya fito da nauyi, lami, kamar ƙaramin tubali. Ta ƙara sukari, ta ƙara kanwa, duk a banza. Tahiru ya gutsura ya tauna ya ce, "Mas'uda, wanga ba shi da rai."

Ta san abin da ya rasa. Inna Haske ba ta taɓa wanke tukunyar ƙullunta tas ba. Kullum takan rage kaɗan a gindi, da yamma ta zuba sabon gari a kai, kafin safe ya taso yana ƙamshi. Wannan ragowar ita ake kira tsami, kuma nata daga ɗakin uwarta ta zo da shi ranar da aka kawo ta Filinge. A wajen tsohuwar, tsami kamar garwashin wuta yake tsakanin maƙwabta. Ba a sayar da shi, ba a hana wanda ya roƙa, kuma ba a yin godiya a kansa.

Mas'uda ta ɗauki 'yar ƙwarya ta fita. Da ta tsaya ta roƙa kawai, da an ba ta ba tare da tambaya ba. Amma mai gaskiya ba ya tsoron shiru, mara gaskiya kuwa ko a ruwa gumi yake, sai bakinta ya riga ta.

"Inna, ki sam min tsami kaɗan. Masar sadakar Juma'a nika son yi."

"Madalla, ɗiyata," in ji tsohuwar. Ta kwashe mata mai kyau daga gindin tukunya, har da ƙari.

"Na go..."

"Kul! Ba a yi ma tsami godiya, mutuwa shikai. Ɗauki ki tahi."

Abin da ya fito daga tanderu washegari ya sa Tahiru ya cinye na farko, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. Sama ya yi ja, ciki ya yi laushi, ga ɗan tsami-tsamin nan da ke sa mutum neman ƙari. Mas'uda ta barbaɗa riɗi a kan wasu, ta sa albasa a wasu. Ba ita ta raɗa masa suna ba, 'yan tasha ne suka ce masar gwangwani, sunan ya bi shi.

Kasuwa ta buɗe kamar da wasa. Iyaye suka so ta don ba ta ɓata littattafan yara da maiƙo. Direbobin Abala da na Yamai suka so ta don tana kai yamma ba ta yi tauri ba. Ba jira, ba hayaƙi, ka miƙa a miƙo maka. Ranar kasuwa har sai Tahiru ya sake hura tanderu da rana. Gidan da ake tunanin rufewa ya miƙe, kuma ba zan ɓoye ba, Mas'uda ta ji daɗi, ta ji daɗi ƙwarai.

Sai dai ƙofar ɗaya ce, kuma duk wanda zai shigo wurinta sai ya wuce ta gaban tanda. Tana gani da idonta yadda 'yan lakwal ke sunkuyar da kai su gaida Inna Haske da sauri su shige. Tana ganin masa na hucewa a cikin kwano, tsohuwar na korar ƙuda da mafici. Layin ya rage, ya rage, har ya zama sai wasu tsofaffi da ba sa son sabon abu.

Wata rana da hantsi Inna Haske ta taso da kanta, ta tsaya a bakin tebur.

"Ɗiyata, ba ni guda in ɗanɗana abin ga da ad da suna haka."

Mas'uda ta miƙa mata. Tsohuwar ta gutsura, ta tauna a hankali da sauran haƙoranta. Mutum ba ya ɓata muryar ɗansa cikin taro, haka ita ma ba ta ɓata tsamin uwarta ba. Ta haɗiye, ta goge baki da gefen zane.

"Ta yi daɗi," ta ce. "Allah shi karɓi sadaka."

Da zagi ta yi, da Mas'uda ta samu abin riƙewa. Da ta tara mata jama'a ta tona, da ta yi kuka ta ba da haƙuri an wuce wurin. Amma wannan addu'ar ta shige ta ta zauna, tana tashi da ita tana kwana da ita.

Ba a jima ba tanda ta daina fitowa. Duwatsun murhun suka rage a gindin dogon yaro da tokarsu, mai share ƙofa ma kewaye su yake yi. Mutane suka ce ai tsufa ne, ƙafa ce ta matsa mata. Mas'uda ta san ba ƙafa ba ce.

"Kasuwa ta Allah ta," in ji Tahiru da ya ga ta rage cin abinci. "Ba mu kore ta ba. Amma in abin na damunki, tahi ki gaishe ta, ai ba nisa."

"Za ni, Malam."

Ba ta je ba. Sau da yawa ta ƙunshe burodi mai zafi a takarda ta nufi lungun, in ta hango zanan gidan tsohuwar sai ta juyo. Daga baya ma ta daina bin lungun ɗungurungum, in za ta famfo sai ta zagaya ta bayan masallaci. Anisa ta tambaye ta ina Inna mai masa, ta daka mata tsawar da yarinyar ba ta san laifinta ba. Kunya ce ke cin ta, kuma kullum ta ƙi zuwa sai kunyar ta ƙara girma.

Bazara ta shigo da zafinta irin na Filinge, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Ana cikin haka matar wani malamin lakwal ta haihu, aka ba Mas'uda aikin masar suna, ga kuma ranar kasuwa ta matso. Cikin hidima aka manta tukunyar ƙullu a jikin tanderu wuni guda. Da ta buɗe bayan azahar, wari ya buge ta. Ruwa baƙi-baƙi ya kwanta a sama, ba kumfa ko ɗaya. Ta zuba gari ta motsa, ta jira, shiru. Tsamin ya mutu.

Ta sake gwada yis na leda, tubalin nan na farko ya sake fitowa. Tahiru ya ɗauko 'yar ƙwaryar nan daga kan taga ya ajiye a gabanta, ya koma faskaren itace.

Bayan la'asar ta shiga lungun. Ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Inna Haske na zaune kan tabarma tana tsinkar zogale, da alama na wani gida ne aka ba ta aikatau. Ta rame. A gefen zana tanda ce a kife, kaza ta hau kai ta kwanta. Mas'uda ta ga tandar, ta kawar da kai, ta durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina Anisa? Ta manta da ni ko?"

"Tana lahiya." Ta ɓoye ƙwaryar a bayan zanenta, amma an riga an gani.

"Ya mutu ko?"

Mas'uda ta gyaɗa kai. Sai maganar da ta daɗe tana haɗiyewa ta ɓalle. "Inna, ƙarya niy yi miki. Ba sadaka niy yi ba. Ni na kashe miki kasuwa, ina kallo, ban ce komi ba. In kin hana ni yau, ba ki yi laihi ba. In kin ce in bari, wallahi bari nikai, ki koma wurinki."

"In koma in soya ma wa?" Tsohuwar ta yi 'yar dariya, ba ta ɗaci ba, ba ta daɗi ba. "Yara sun saba da taki. Ran nan na ji zahi, ba ni ɓoye miki. Da kin hwaɗa min gaskiya ma, ba ki shi nikai. Kama min in tashi."

Mas'uda ta kama ta. Suka shiga ɗaki, can ƙuryar da randa take, inda ƙasa ke da sanyi. Tukunyar nan ce, rufe da faifai, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Da tsohuwar ta ɗaga faifan, ƙamshin ya cika ɗakin. Ƙullu ne ɗan kaɗan a gindi, yana ta kumfa, da ransa.

Mas'uda ta dubi tukunyar, ta dubi ƙwaryar garin da ke gefe, wadda abin cikinta bai kai tuwon mutum ɗaya ba. Tsami ba ya rayuwa sai ana ba shi gari kullum, kuma ta san daga inda garin ke fitowa.

"Inna, ba ki suya. Wa kika yi ma ƙullu?"

"Ke mana. Na san ba ki taɓa ƙetare bazara da tsami ba, naki mutuwa za shi yi. In ya mutu nawa ya mutu, unguwa ta karya da mi?"

Ta karɓi ƙwaryar daga hannun Mas'uda, ta kwashe mai kyau daga gindin tukunya, har da ƙari, kamar wancan karon. Ta ɗora mata a tafin hannu biyu.

Hawaye suka zubo wa Mas'uda. Ba ta da abin da za ta biya da shi, tunda ba a saye. Kalma ɗaya ce ta rage mata a duniya, ta buɗe baki za ta faɗe ta.

"Kul," in ji Inna Haske. "Ɗauki ki tahi, kar shi sha rana."