Ƙoƙo Biyu a Gindin Turmi

"Inna, don mi kika ba rigar Baba nono, ni ba ki ba ni ba?"

Tabawa ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe a gindin turmi, ta cusa aljihun farar rigar mijinta a ƙoƙon nono tana murzawa a hankali. Ta ce wa ɗiyar ta matsa can, wannan nonon na aiki ne, ba na sha ba. Aisatu, 'yar shekara huɗu, ta ja da baya taku ɗaya tak, ta tsaya tana haɗiyar yawu.

Mijin Tabawa, Malam Labbo, malamin firamare ne a nan Bukkuyum, kuma washegari ake jiransa a ofishin ilimi na Gummi don intabiyun zama hedimasta. Rigar fita kunya ɗaya gare shi, sai takalmin fata sau-ciki da ya sayo a Gusau shekarar da aka rantsar da gwamnatin farar hula. Da safen nan yana haɗa kaya, murfin kwalbar tawada ya kwance a jaka. Tawadar ta malale aljihun rigar, ta ɗiga a kan takalmin dama. Ya yi salati, sannan ya roƙe ta ta yi abin da za ta iya kafin ya taso daga makaranta.

Ta sa sabulu, tabon ya ƙara faɗi. Ta matsa lemun tsami, ya ɗan kwanta ya tsaya. Hure mai tallar nono ce ta ce mata nono mai tsami yana jan tawada idan aka jiƙa aka yi haƙuri. Gaskiya ta faɗa, don nonon ya fara yin shuɗi-shuɗi daga ƙasa, amma bakin tabon ya ƙi motsi, ga rana ta karkata.

Shi ya sa Tabawa ta leƙa ta katanga wurin Iyatu, maƙwabciyarta mai yin sabulun sayarwa. Iyatu ta dama mata sodar yin sabulu, mai ƙona fata, da ɗan gogaggen sabulu, tana yi tana jan kunne. Ta ce da tsinke za a ɗiga a bakin tabon a ɗauraye nan take, kada a taɓa da hannu, kada a kai kusa da fata. Ta ce kazarta ta taɓa sa baki sau ɗaya, ba ta kai magariba ba. Da Iyatu ta nemi abin zubawa, Tabawa ta miƙa mata abin da ke hannunta. Ƙoƙon Aisatu ne, mai ɗinki a baki, wanda take shan fura da shi kullum.

Ta dawo ta ajiye shi kusa da na nonon, daf da takalmin. Sai a lokacin ta lura duka biyun fari ne fat a sama, ba ka rarrabe su. Zuciyarta ta ce ta ɗora na sodar a kan katanga, sai ta ce ai yanzun nan za ta gama. Ta juyo ta nuna Aisatu da yatsa, ta ce in ta kuskura ta taɓa ko ɗaya, sai ta zane ta da tsumagiya.

Ko tsinken ba ta tsoma ba ta ji akuya ta tsinke igiya ta faɗa dawar da ta shanya a bayan ɗaki. Ta tashi da gudu. Korar akuyar da ɗaure ta bai fi tsawon alwala ba.

Da ta dawo, rigar na yashe a ƙasa. Ƙoƙo ɗaya a kife kan takalmi, ɗayan babu shi, Aisatu ma babu.

Ta kira sunanta, shiru. A bayan rumbu ta same ta, tsugune, ta ɓoye hannuwa a baya, fari ya zagaye mata baki har haɓa. Tabawa ta tambaye ta me ta sha, yarinyar ta girgiza kai. Ta ce ta buɗe baki, ta ƙara damƙe leɓe, hawaye na zuba, idonta na kan tsumagiyar da ke soke a jikin danga. Tabawa ta rasa ko kukan zafi ne ko na tsoro. Kazar Iyatu kawai take gani.

Ta so ta fizgo ta ta ɓare bakin da ƙarfi, ta ga in ta yi haka yarinyar za ta haɗiye abin da ya rage. Sai ta miƙe ta zaro tsumagiyar, ta karya ta biyu a gabanta, ta jefa bayan danga. Ta durƙusa har gwiwarta na taɓa ta ɗiyar.

"Ɗiyata, dube ni. Wallahi ba ni bugun ki. Buɗe in gani."

Aisatu ta daɗe tana kallonta, sannan ta buɗe a hankali. Harshen shuɗi ne, haƙoran ma shuɗi. Babu ƙuna, babu kumburi. Tabawa ta sa hanci ta ji tsamin nono. Ta zagaya da hannu ta karɓi ƙoƙon da ke bayanta, ta shafa bakinsa, babu ɗinki.

"Nawa na ɗauka da farko," in ji Aisatu cikin shessheƙa. "Shina da zahi, sai na sake shi."

Tabawa ta sungume ta zuwa bakin randa. Ta yi ta kwarara mata ruwa a hannu da ƙafa, inda wani ɗigo ya fara ja a kan babban yatsa, har randar ta kusa ƙarewa. Sai da ta goya ta za su tafi asibitin garin sannan ta dubi takalmin. Fatar ta yi laushi ta yi yauƙi, launin ya zube, hancin ya tattare kamar ganda a wuta. Ta tsaya tana kallonsa, hannunta ɗaya a baya yana riƙe da wuyan ɗiyar.

Mai ba da magani ya duba bakin, ya ce tawadar da ta narke a nono ba za ta yi mata komai ba, a ba ta ruwa da yawa, ya shafa mata magani a yatsa. Malam Labbo ya iske su a can. Tabawa ta faɗa masa komai, har da batun ƙoƙon, ba ta rage ba. Ya ɗauki Aisatu ya daɗe bai sauke ta ba. Washegari ya hau motar Gummi da riga mai ɗan inuwar shuɗi a aljihu, da takalmin roba.

Ke mai karanta wannan, ko soda ce, ko kananzir, ko wani maganin tabo, kada ki zuba shi a abin da ɗanki ya saba ci ko sha a ciki, ko da na minti ɗaya ne. Ki ɗora shi inda hannunsa ba ya kai tun kafin ki juya baya, kuma kada ki dogara da tsawa, don tsawar ce za ta rufe masa baki a lokacin da kike bukatar ya gaya miki gaskiya.