Jan Biro Da Layi Na Huɗu

Shekara talatin da huɗu ya yi yana duba kura-kurai a gidan buga littattafai, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa yi masa godiya. Wa zai gode wa mutumin da aikinsa shi ne ya nuna maka ba ka iya ba? Abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro. Sunan ya bi shi har gida, don ko marigayiya matarsa, in ya kai ta bango, da shi take kiransa.

Bayan rasuwarta da shekara guda, likita ya ce ya nema wa hannunsa wani aiki ban da tagumi. Sai ya sayi jita, irin mai tsirkiya shida wadda ake kaɗawa da farce, a zaune, ƙafar hagu a kan ɗan katako kamar mai jiran a goge masa takalmi. Lokacin shekararsa sittin da bakwai. Kafin ya taɓa tsirkiya ko ɗaya sai da ya karanta littattafai goma sha ɗaya a kan yadda ake bita. Ya tsamo hikimomin ciki, ya rubuta a ƙananan takardu ya manna a bangon falo: a yi a hankali, a yi kullum, a saki kafaɗa, a yi wa kai uzuri. Da a ce da karatu ake kaɗa jita, da tuni mutane na cincirindo a ƙofar gidansa.

Kuma yana bita, kada a zalunce shi. Kullum bayan shayin safe zai goge faratan hannun damansa har su yi santsi, ya daidaita tsirkiyoyin, ya zauna awa biyu cur. Kiɗan da aka ba shi shafi biyu ne, layi goma. A layi na huɗu akwai wani wuri da ƙaramin yatsa zai miƙe ya kamo can nesa, shi kuwa nasa yatsan ya tsufa da taurin kai irin na mai shi. Yana zuwa wurin sai tsirkiyar ta yi ƙara kamar ƙuda a cikin kwalba. Sai ya tsaya, ya yi tsaki, ya ɗauki biro ya sake zagaye wurin da ja, ya koma farko. Wata takwas yana haka. Layi uku na farko ya kaɗa su ya fi sau dubu goma. Daga layi na biyar zuwa ƙarshe kuwa, da ido kawai suka san juna.

Malamarsa ba ta kai 'yarsa shekaru ba. Tana koyarwa a wani ɗaki a saman shagon masu gyaran tabarau: kujera biyu, abin ɗora takarda, da fanka mai juya kai hagu da dama kamar ba ta yarda da abin da take ji ba. Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, lokacinsa ne. A mako kaf, wannan awar ce kaɗai da wani ke jiran zuwansa. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, kuma da wani ya faɗa masa da ya ƙaryata.

Ran wata Asabar, da ya tsaya a layi na huɗu karo na shida, Malama ta miƙa hannu ta dafe tsirkiyoyin.

"Baba, ina za ka?"

"Farko."

"Me ka manta a can?"

"Malama, kuskure na yi. Ke ma kin ji."

"Na ji. Masu tabarau ma sun ji. Wata takwas muna ji tare." Ta ɗauki takardarsa ta ɗaga ta a gaban taga. Layi na huɗu ya sha ja har takardar ta huje. "Dubi nan, don Allah. Kamar an yanka wani abu a kai."

"Ba a wuce kuskure," in ji shi, da muryar da ya saba karya zuciyar marubuta da ita. "In ka wuce shi, ya zauna. A cikin littattafan da na karanta..."

"Littattafan nan sun ce a ware wurin a gyara shi shi kaɗai. Babu wanda ya ce a koma farko a sake tunkaro shi da gudu." Ta ajiye takardar. "Baba, ina ganin girmanka, shi ya sa zan faɗa maka ba kwana-kwana. Akwai wata mata, ma'aikaciyar jinya, wata uku tana roƙon wannan lokacin. Asabar mai zuwa za ka kaɗa mini daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ko ya fito kamar ana jan tebur a kan siminti, ban damu ba. In ka tsaya, na ba ta lokacin."

"Kora ta za ki yi ke nan?"

"Ni ban koya maka komai ba tun watan da ka zo. Zama kawai nake ina kallon ka kana hukunta kanka, kuma ba shi na karanta ba."

Ya sauko daga benen yana tsara amsoshi masu kaifi, guda uku, duk sun zo a makare.

Lahadi da safe ya zauna da niyya. Ya isa layi na huɗu, ƙudan ya yi kuka, kafin ya ankara hannunsa ya koma farko da kansa. Ya sake. Haka. Ya ɓoye biron a cikin aljihun tebur, hannun bai fasa ba. Litinin ya yi wa hannun faɗa da babbar murya, shi kaɗai a falo, a ƙarƙashin takardar da ke cewa a yi wa kai uzuri. Talata ya lissafa: kwana huɗu suka rage, kuma bai taɓa jin layi na biyar daga yatsunsa ba.

Da hantsi ya fito shan iska. Bango ɗaya ya raba falonsa da shagon wani tela, mutum mai tumbi da fara'a, wanda bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshe ba kuma bai ga abin da ya rasa ba. Telan na zaune a kan kekensa yana fito da baki. Jan Biro ya tsaya cak. Kiɗansa ne. Layi na ɗaya, na biyu, na uku, tsaf, har da ɗan jan numfashin da yake yi a tsakiya. Da aka zo layi na huɗu sai telan ya katse, ya yi tsaki, ya koma farko.

"Maƙwabci, me kake yi haka?"

"A'a, Yallaɓai! Waƙarka ce. Ta kama ni, wallahi. Har matata ta iya."

"Tsakin fa?"

"Ba a ciki yake ba?" Telan ya dube shi da gaskiyarsa. "Ni na ɗauka nan ne ƙarshenta. Na ce masu wannan kiɗan dai akwai fushi."

Jan Biro ya nemi benci ya zauna. Ga abin da ya bai wa duniya bayan littattafai goma sha ɗaya: layi uku da tsaki. Bai san yadda aka yi ba, sai ya ji bakinsa yana ba telan labarin Asabar.

Telan ya saurara yana zura zare a allura. A gabansa tulin labule ne na wani ɗakin taro, kowanne tsawonsa ya kai mutum uku.

"To ni dai ban san hikima ba, Yallaɓai, labule nake ɗinki. Amma in na ɗora ƙafa a kan keken nan, ko ɗinkin ya karkace ba na ɗagawa sai na kai bakin yadi. In ya so in dawo in farke wurin. In na ce duk karkacewa sai na koma farko, ai ramukan allura kaɗai za su cinye yadin." Ya tsinke zaren da haƙori. "Ɗauko abar taka. Muddin keken na tafiya, kai ma kana tafiya. In ka tsaya ka bar ni, ka ci amanar maƙwabtaka."

Haka tsohon mai duba littattafai ya tsinci kansa a shagon tela, jita a cinya, ƙafar hagu a kan gwangwanin maɓallai, takardarsa jingine da dutsen guga. Telan ya sa keken a hankali, taka-taka-taka. Ya shiga. Layi na huɗu ya zo, ƙudan ya yi kukansa, hannun ya zabura zai koma.

"Wuce!" telan ya daka masa tsawa, bai ko ɗago ba. "Wuce, Yallaɓai, yadi bai ƙare ba!"

Ya wuce. Ba don ya so ba, sai don shekara arba'in rabon da wani ya daka masa tsawa. Ya faɗa layi na biyar kamar wanda ya yi tuntuɓe ya shiga ɗakin da ba nasa ba. Ya kaɗa abin da babu a takarda, ya tsallake abin da ke akwai. Wata mata da ta zo karɓar riga ta tsaya a bakin ƙofa, ta duba, ta ce za ta dawo anjima.

A labule na biyar ya kai layi na bakwai da ɗan hankalinsa a jikinsa. A nan kiɗan ke sauka ƙasa, ya yi sanyi, kamar mai magana ya rage murya zai faɗi abin da ya kawo shi. Ya sha ganin wurin a takarda. Bai san haka yake ba. Sai marigayiya ta faɗo masa a rai, tana ba da labari a teburin cin abinci, shi kuma yana katse ta: ba Laraba ba ce, Alhamis ce, ba ƙanwarta ba ce, 'yar ƙanwarta ce. Takan ce, "Shi ke nan, Jan Biro, na fasa." Ranakun duk ya gyara su daidai. Labaran ne bai san yadda suka ƙare ba, kuma yanzu babu wanda zai tambaya.

Keken ya tsaya, yadi ya ƙare.

Telan ya ga idonsa ya kawo ruwa. "Lafiya, Yallaɓai?"

"Ƙurar yadinka ce. Sa wani."

Kwana uku suna haka, labule bayan labule. Da ya koma gida yakan ware layi na huɗu shi kaɗai, a hankali, sau ashirin, ba tare da ya faro daga sama ba. Abin da Malama ke faɗa ke nan tun watan farko, abin da ke manne a bangonsa da rubutun hannunsa. Sai da ya ji shi daga bakin mutumin da ke tsinke zare da haƙori sannan ya shige shi. Wannan ma ya ƙona masa rai, ya kuwa ji daɗin ƙunar.

Asabar ya hau benen da minti goma a hannu. Malama ta gaishe shi, ta kashe fanka, ta harɗe hannuwa.

"Bismillah, Baba."

Ya fara. A layi na ɗaya, wanda ya kaɗa sau dubu goma, wanda ko a barci aka tashe shi zai kawo, babban yatsansa ya kuskure tsirkiya. Gumi ya keto masa. Babu keke a nan, babu mai tsawa, sai shirun ɗaki da idon yarinyar nan. Hannun ya ɗaga zai koma farko. Ya dunƙule yatsun ƙafarsa a cikin takalmi, ya taka katakon, taka-taka-taka, ya jefa hannun gaba.

Layi na huɗu ya zo ya yi ƙararsa, ƙarama dai, ya bar shi a baya. Na shida ya watse, ya tattaro abin da ya samu. Na bakwai ya fito kusan yadda ya kamata, har ya ji tsoron kada ya saurara ya ɓata. A na tara ya manta inda yake, ya ƙirƙiro wani abu da wanda ya rubuta kiɗan zai tashi daga kabari in ya ji. Sannan sauti na ƙarshe, tsirkiya uku tare. Biyu suka amsa, ɗaya ta ƙi. Ya bar su suka mutu da kansu.

A ƙasa wani yana gwada tabarau yana karanta haruffa da ƙarfi.

"Ya yi muni," in ji Jan Biro.

"Ya yi," in ji Malama. "Amma yau na ji kiɗa, mai kai da ƙafa."

"Kuskure nawa kika ƙirga?"

"Ni ba na ƙirga wa ɗalibai kuskure, Baba. Saurare nake."

"Ashirin da uku ne."

Ta tashi ta kunna fankar, ta tsaya ta ba shi baya, kafaɗunta na ɗan motsi da dariyar da take ɓoyewa.

"Ashirin da shida," ta ce. "Asabar, ƙarfe huɗu. Ka rage farcen tsakiyan nan, ya yi tsawo."