Igiyar Awon Hannun Ethan

A gidanmu, can wajen Barkin Ladi, yaro ba ya zaɓar bindigar farautarsa ta farko. Uba ne ke auna hannunsa da igiyar rama, daga kafaɗa zuwa kan yatsa, ya yi ƙulli, ya kai wa maƙeri a sassaƙa gindin bindigar daidai da awon. Yaron kuwa ba zai san komai ba sai ranar da ya cika sha uku. Ni abin da nake tunawa shi ne Babana ya ishe ni da awo. Kowace ranar kasuwa sai ya kira ni in miƙa hannu, wai riga zai ɗinka mini. Shekara guda cur, riga ba ta zo ba. Na ɗauka mantuwa ce ta kama tsohon.

Shi ne ya bugo mini waya ina hutun rana a tashar bas ta Erdington a Birmingham, inda nake tuƙi.

"Nyam, jikana saura wata biyu ya kai sha uku. Ka kai awo?"

"Baba, nan Ingila ce fa."

"Ingila ba su da zomaye?"

Suna da su kam, har sun yi yawa. Abin da ban gaya masa ba shi ne rabona da ɗana Ethan wata goma sha huɗu. Tun da muka rabu da uwarsa Scholastica ta tafi da shi Manchester, sai gaisuwar waya, ita ma duk "fine, Dad" ce. Tsoro nake kada yaron ya girma bai riƙe komai daga hannuna ba. Amma igiya kam ina da ita. Na auna shi ranar da za su tashi, tana nan cikin walat ɗina.

Ranar Laraba na je wani shagon kayan farauta a bayan gari. Mai shagon wata dattijuwa ce mai suna Margaret. Na shimfiɗa igiyata a kan teburin shagon, na ce a ba ni bindiga daidai wannan. Ta dubi igiyar, ta dube ni, ta gyara tabarau.

Ta ce bindigar iska ce kawai zan iya ɗauka ba tare da takardar izini ba. To, iska. Ta ce amma ba zan iya ba shi kyautarta ba, sai ya kai sha takwas. Tawa ce, shi dai ya harba ina tsaye a kansa. Na ce to bindigar wa ke nan na zo saya? Ta ce tawa. Na ce ni ai na wuce sha uku da shekara talatin. Ba ta yi dariya ba.

Sai ta shiga jero tambayoyi. Da wane ido yake saiti? Yana sa tabarau? Nauyin me zai iya ɗauka? A gonar wa zai yi harbi, kuma mai gonar ya yarda? Ya taɓa cewa yana so? Ta sauko da guda uku, wannan a karya ta a ɗura, waccan a yi mata famfo kamar tayar keke. Kaina ya ɗaure tamau. Ni da na zo da amsa a aljihu, ga ni tsaye ban ci ko tambaya ɗaya ba.

"Kawo yaron mana," in ji ta.

Na ce ba a yi, sirri ne. Ta ɗaga igiyar da yatsu biyu ta tambayi yaushe aka auna. Da na faɗa, sai ta rubuta tambayoyinta a bayan wata takarda ta miƙo mini. Haushi ya kama ni, amma na karɓa.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, duk hanya ina shirya ƙaryar riga. Scholastica ta buɗe ƙofar gidansu a Fallowfield, ta tsaya tana kallona.

"Baban Ethan, lafiya? Ko text babu?"

"Jacket nake so in saya masa. Awo na zo yi."

"Jacket ba ta da size a jiki? Tun daga Birmingham?" Ta dubi hannuna, ta ga igiyar. Ita ma 'yar garinmu ce, ta san ta. Ta matsa na wuce.

Wanda ya sauko daga bene ban san shi ba. Ya kusa kamo ni a tsawo, muryarsa ta fashe, ga tabarau a fuska. Yaushe aka yi tabarau? Na ce ya miƙa hannu. Na ɗora bakin igiyar a kafaɗarsa, na ja. Ƙullin ya tsaya tun kafin wuyan hannu. Na sake ja, kamar igiyar ce ke da laifi. Kunya ta rufe ni.

"Dad, gun ce, ko?" Hausarsa a karye take, amma ta fito. "Grandad ya gaya mini since Christmas. Ya ce kai za ka riƙa zuwa measuring. Na yi ta jira."

Wato tsohon da ya hana a faɗa shi ya faɗa. Na tsaya da igiya a hannu, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na ciro takardar Margaret don in sami abin yi. Muka zauna a matakala yana amsawa. Idon hagu. Zomo ba ya so ya harba, amma gwangwani zai gwada. Gona kuwa bai san kowa mai ita ba, ni ma haka. Ko ɗaya cikin bindigogi ukun nan ban san wadda ta dace ba har yanzu.

Da zan tafi ya zare igiyar takalminsa, ya sa na auna shi da ita, ya yi ƙullin da kansa.

"Wannan ba zai daɗe ba fa," ya ce. "Mum ta ce every month ina ƙaruwa."

A jirgin komawa na riƙe igiyoyin biyu a tafin hannu. Sai a lokacin na tuna yadda Babana kan gama awo cikin ƙiftawar ido, amma ya ci gaba da riƙe kafaɗata yana tambayata abin da na yi a makon. Ashe ba mantuwa ba ce.

Wayata ta yi ƙara wajen Stoke.

"Ka kai awo?"

"Ban kai ba, Baba," na ce. "Asabar mai zuwa zan koma in sake aunawa."