Ƙyaure Na Biyu

"Kada ku taka min katakon nan!"

Abin da Baba Kafinta ya fara faɗa ke nan, yana kwance a ƙasa cikin garin katako, bakinsa ya karkace gefe guda, maganar na fita da ƙyar. Ni na tallafi kafaɗunsa, maigidana ya kama ƙafafu, muna neman hanyar fitar da shi daga rumfar aikinsa zuwa mota.

"Haba Baba, ana ta ranka kana ta katako?" in ji maigidana.

"Ku dai tsallaka," in ji shi. Muka tsallaka.

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkina da rumfarsa. Na saba da ƙarar gudumarsa har ba na jin ta, sai in ta tsaya. Ran nan da hantsi ta tsaya a tsakiyar bugu, na ji abu ya faɗi, na bar rigar da nake ɗinki a bakin keke na ruga.

Kwanansa tara a asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama ba zai dawo ba, zuciyar kuma ta gaji. Muka dawo da shi gida, muka kwantar da shi a ɗakinsa da tagarsa ke kallon rumfar.

Katakon da ya hana mu takawa ƙofar sabon cocinmu ce. Shekara bakwai muna ginin nan, aka gama komai sai ƙofa, domin Baba ya roƙa a bar masa ita. Ƙyaure biyu ne, kowanne ya fi maigidana tsawo ko da ya ɗaga hannu. Ya ce zai sassaƙa musu itatuwan dabino da buɗaɗɗun furanni, irin waɗanda aka yi wa ƙofofin haikalin da aka gina wa Ubangiji a zamanin da. Labarin haikalin nan kuwa na ji shi har na haddace. In ya zo aron almakashi ko neman ruwan sanyi, sai ya jingina da ƙofar shagona ya ɗauko shi daga tushe: irin itacen, awon ginshiƙan, maƙerin tagullar da aka ɗauko daga wata ƙasa. Ya gama ƙyaure ɗaya. Na biyun rabinsa na ƙasa kawai ya sassaƙa, na sama zanen fensir ne. Saura mako bakwai a yi bikin keɓe ginin.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa maza biyu suna nesa da iyalansu. Don haka na kira ƙaramarsu, wadda kowa ke ce wa Auta ko da yake ta kusa arba'in.

Auta ce kaɗai ta gaji hannunsa. Tun tana ƙarama take rumfar, har ta kai mutane suna zuwa su ce ita suke so ta yi musu aiki. Wata rana ta haɗa kujeru shida, mai su ya zo ɗauka. Baba ya kifa ɗaya, ya shafa ƙarƙashinta, ya ji kaushi, ya ɗauki guduma ya wargaza ta a gaban mutumin. Auta ta rataye zarto a ƙusarsa ta fita. Ta koma wani gari ta buɗe shagonta, da injuna da ma'aikata huɗu. Shekara goma ke nan, gaisuwa ce kawai ta waya take haɗa su.

Ta iso da jaka ɗaya. Tun daga bakin ƙofa ta ce min, "Yaya Tela, jinya na zo yi. Kada wanda ya yi min maganar ƙofa."

Jinyar kuwa ta yi ta. Ta wanke shi, ta juya shi, ta ba shi abinci a baki, ta yanke masa farce. Amma in za ta shanya wanki sai ta zagaya ta bayan gida don kada ta bi ta rumfar.

Cikin mako na biyu Fasto ya zo dubiya. Bayan addu'a ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya ce dattawa sun zauna, suna ganin ko a sa ƙofar ƙarfe tukuna, tun da lokaci ya ƙure.

"Ƙarfe?" Baba ya yunƙura har matashi ya faɗi. "Irin ta gareji? Wata goma sha huɗu ina kan aikin nan!"

Fasto ya ce ba a yanke ba, shawara ce, ya sulale.

Da yamma na kawo masa shayi, na tarar yana magana da rufin ɗaki, amma da Auta yake, tana ninke zannuwa a gefe.

"Ginshiƙan haikalin nan," in ji shi, "tsawonsu ya kai bene. A can ƙwanƙolinsu maƙerin ya yi furanni. Wa zai hau ya gani? Ba kowa. Amma ya yi su, ya goge su. Haka ake yi wa Allah aiki. Ba a bar masa kaushi a ƙarƙashi."

Auta ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Maƙerin nan na yarda Allah ya yi wa. Kai kuwa sunanka kake yi wa. Da Allah kake yi wa, da ka ja ni gefe ka ce, Auta, ga kaushi nan, goge. Da ba ka jira sai a gaban baƙo ba."

Na tsaya da kofi a hannu, na rasa inda zan sa idona. Baba ya juya fuskarsa bango. Shayin nan har ya huce bai taɓa shi ba.

Kwana biyu bai yi wata magana ba, in ban da "na gode" da "ya isa". A rana ta uku ina share masa ɗaki ya ce, "Tela, kin san abin da ya faru ranar da aka gama haikalin?"

"Ka sha faɗa min, Baba. An yi waƙa, an busa ƙaho."

"Wannan wurin nakan tsaya. Akwai saura." Ya haɗiye yawu, ya huta. "Ɗaukakar Ubangiji ta sauko ta cika gidan, har firistoci suka kasa tsayawa su yi aikinsu. Su ma da aka keɓe don gidan sai da suka fito. To ina masassaƙan? Suna waje cikin taro, sun naɗe kayan aikinsu, suna kallo kamar kowa. Ba wanda ya ce a kira kafinta ya zo ya tsaya kusa da ƙofarsa. Shekara nawa ina ba da labarin nan, ban taɓa tambayar kaina inda suke tsaye ba." Ya dubi hannun nan da ya mutu a kan bargo. "Kira min Fasto. Ki ce Auta ma ta shigo."

Da suka zo ya ce wa Fasto a sa ta ƙarfen, ya yafe. Ya ce Ubangiji Mai gidan ba zai ƙi shiga don ƙofa ba. Fasto ya fara ba shi haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannun hagu. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Kujerar nan mai kyau ce. Kin ji abin da mutumin ya ce kafin in kifa ta?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Ya ce, Baba, yarinyar nan ta fi ka iya haɗi. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na kifa ta. Laifi nake nema, na samu ɗan kaɗan, na mai da shi babba. Ki gafarta min."

Auta ta gyara masa matashi, ta ce, "Lokacin maganinka ya yi," ta fita. Na bi ta, na same ta a bayan gida ta kifa kai a jikin katanga tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Na riƙe ta.

Kashegari ina zura zare a allura na ji guduma. Sai da na soki yatsana. Na leƙa ta saman katanga, ga Auta ta ɗaure kai, ta sa tsohuwar rigar aikin Baba da ta kai mata gwiwa, ta sunkuya a kan ƙyaure na biyu.

"Yaya Tela, ki ce wa Fasto ya dakata da ƙarfen nan," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ban yi alkawari ba fa. Hannuna ya saba da inji."

Mako uku ta yi a kai. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, na naɗe mata da ƙyallen da na rage a shago. Ni na karɓi jinyar da rana, na dawo da kekena ɗakin Baba ina ɗinki a gefen gadonsa. Shi kuwa ya sa aka buɗe taga, yana kwance ido rufe yana sauraro.

"Bakin kurfin sassaƙar ya dakushe," sai ya ce. "Gaya mata ta wasa shi."

In leƙa in faɗa. Ta amsa daga can, "Ki ce masa mara lafiya barci yake yi!"

Ya yi dariyar nan tasa ta rabin baki. Bayan ɗan lokaci sai mu ji ƙarar dutsen washi.

Jikinsa dai kullum baya yake yi. Ƙafafun suka kumbura, abincin ya koma cokali uku. Amma fuskarsa ta saki, har 'ya'yansa maza da suka zo dubiya suka ce sun manta rabon da su ga yana tsokanar mutane haka.

Ranar da ta gama sassaƙa, maigidana da yayyenta suka ɗauko shi a kujera zuwa rumfar. An jingina ƙyauren biyu gefe da gefe. Ana iya gane inda hannunsa ya tsaya nata ya karɓa. Furanninsa ƙanana ne a tsuke, nata manya ne sun baje. Na ga yadda ta ƙanƙame hannuwanta a baya.

Ya miƙa hannun hagu ya shafa daga inda ya iya kaiwa, a hankali, ganye bayan ganye. Ba mai motsi.

"A juya maka ka duba bayan?" in ji Auta.

"Ba sai na duba ba," in ji shi. "Naki sun fi nawa buɗewa. Haka ya kamata fure ya yi."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, saura kwana tara a keɓe ginin. Ina gefensa ina ɗinke bakin labule. Ya buɗe ido ya ce, "Na ji shiru."

"An gama bugu, Baba. Mai take shafawa."

"Duwatsun haikalin ma a can nesa aka sassaƙe su," in ji shi, a hankali har sai da na matso. "A wurin ginin ba a ji guduma ba. Kawo su kawai aka yi, kowanne ya shiga wurinsa." Ya yi numfashi. "Ni ma na sha bugu, Tela. Ina jin an gama da ni."

Na kira Auta ta taga. Ta shigo da gudu hannunta duk mai, ta rasa inda za ta goge, ta kama nasa a haka. Ya riƙe. Muka yi addu'a tare, ni da ita, shi yana motsa leɓe. Kafin mu kai ƙarshe ya tafi.

Ranar keɓewa mutane suka cika filin gaban cocin tun da safe, kowa na son ya ga ƙofar. Aka yi ta nunawa, ana cewa kai, kai. Fasto ya yi addu'a, dattawa biyu suka kama ƙyauren suka ja waje har suka jingina da bango. Fuskar da aka sassaƙa ta juya ta kalli siminti. Dabinon da furannin duk suka ɓuya, ba abin da ake gani sai bayan katako sumul. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, jama'a suka fara kwarara ciki.

Ni da Auta ba mu samu wuri ba. Muka zauna a matakala ta ƙarshe, takalmanmu a hannu saboda sun matse mu. Ta dubi ƙyauren a jingine, ta dube ni, ta yi dariya hawaye na zuba. Rana ta bi ta buɗaɗɗiyar ƙofar ta kwanta a tsakiyar cocin har gindin bagade, mutane suna ta wucewa ta cikinta suna waƙa.