Jar Fitilar Baba Tela

Ranar da Yaya ya zo sauke ƙarfen da ke kan rufin gidanmu, da tsanin aro ya shigo, don ya san in ya nemi namu Inna za ta ce ya ɓata. Sun daɗe suna ja-in-ja a kan ƙarfen nan. Shi ya riga ya sa kamfani sun jawo mata intanet har ɗaki, mai gudu, ba yankewa. Ita kuma ta kafe, ta ce akwatin da ke jikin ƙarfen ba inda za shi.

Wanda bai tashi a layinmu ba zai ce rigimar tsufa ce. Lokacin da muke yara, kamfanoni sun ce unguwarmu ta yi musu nisa, ko kallonmu ba sa yi. Sai iyayenmu suka ce to, bari su yi da kansu. Aka jawo layi ɗaya daga bakin titi zuwa shagon mai gyaran rediyo. Kowane gida ya kafa ƙarfe a rufi da ɗan akwati a jikinsa, yana karɓar intanet daga maƙwabci yana miƙa wa na gaba. In akwatin wani ya mutu, saƙo ya zagaya ta wani rufin. Miƙa-miƙa muke ce mata. Babanmu mai walda ne, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙera ƙarafunan duka, kuma har ya bar duniya bai yarda akwai karkatacce a cikinsu ba, ko da yake na gidan wanzami kowa ya san yadda ya sunkuya.

Ba zan yi ƙarya ba, saurinta sai haƙuri. Hoto ɗaya, kina iya ɗora ruwa ya tafasa kafin fuskar mutum ta gama fitowa. Amma tamu ce. Wani direba da mai shagon layinmu sun shekara ba sa ga-maciji a kan magudanar ruwa, duk da haka saƙon kowannensu ta rufin ɗaya yake bi, kuma babu wanda ya taɓa kashe wa wani.

Doka ɗaya ce da mu. A ɗakin kowa akwai 'yan fitilu a bango, kowace tana nuna akwatin wani maƙwabci. In fitila ta yi ja, ba a tsayawa tunani, ƙafa ake sawa a je a buga masa ƙofa. Dalilin farko mai sauƙi ne: wanda akwatinsa ya mutu, ta ina saƙonki zai same shi? Sau da yawa a tarar matar gida ce ta cire waya ta jona dutsen guga, a yi dariya, a ɗan taɓa hira a tsaye. Wata rana kuwa haka aka sami malamar makaranta tana naƙuda ita kaɗai. Ina kewar bugun ƙofar nan sosai, har da na wanzami da yake yi kamar zai ɓalle ta.

Da kamfani ya ga dama ya iso, sai ƙarafunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka ɗaura musu igiyar shanya. Ya rage shagon rediyo, da mu, da Baba Tela a ƙarshen layi. Matarsa ta rasu, idonsa ya daina ganin kafar allura, 'ya'yansa suna garuruwa daban-daban, su ma sun sa masa na kamfani. Wannan ce hujjar Yaya: babu wanda yake amfani da abin, tsatsa kawai yake zubarwa a kwanon rufi.

Yana jingina tsani sai ga Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Fitilar Tela ta yi ja," in ji ta.

"To kin gani, Inna," in ji Yaya. "Shi ma ya gaji ya cire. Ke kaɗai kika rage."

"Je ka buga masa ƙofa."

"Bari in kira shi a waya."

"Ba haka ake yi ba." Ta juyo gare ni. "Ke, raka shi, kada ya tsaya a hanya ya dawo ya ce min lafiya lau."

Yaya ya haɗe rai, amma ya sa takalmi. Muna tafe yana mita, wai mutum da aikinsa an mayar da shi ɗan aike. Ni kuwa na shiga tuna rabona da ganin Baba Tela, na kasa. Tsoho ne shi kaɗai a gida, ga banɗakinsa da santsi.

Yaya ya yi sallama, ya buga. Shiru. Ya sake bugawa da ƙarfi, wannan karon babu mita a bakinsa. Can muka ji jan takalmi, aka zare sakata.

Baba Tela ne tsaye, ya sa wankakkiyar riga da hula, kamar mai shirin fita unguwa. An share tsakar gida tas, ga kujeru biyu an fito da su inuwa.

"A'a, 'ya'yan mai walda! Ku shigo, ku shigo. Kai ne ka yi wannan tumbin?"

"Baba, lafiya dai?" in ji Yaya. "Inna ce ta ga fitilarka ta yi ja."

"Lafiyata lau."

"Akwatin ne ya lalace?"

"Ƙalau yake. Aikin ubanka ne ya riƙe shi, ina zai lalace?"

Muka bi shi ɗaki. Ga wayar akwatin nan a kan tsohon keken ɗinkinsa, an naɗe ta tsaf an ajiye. Ya ga inda muke kallo, ya ɗan yi dariya yana gyara hula.

"Ni na cire, tun jiya da la'asar. Yaran suna kira, ba su da laifi, ina ganinsu a waya tar. Amma ƙofar nan tun bayan rasuwar uwarsu ba wanda ya buga ta sai mai karanta mitar wuta. Na ce bari in ga ko har yanzu ana zuwa."

Kunya da tausayi suka kama ni. Yaya ya ɗauki wayar ya warware ta, ya durƙusa yana laluben soket a bayan keken.

Baba Tela ya dafa kafaɗarsa.

"Bari tukuna, ɗana. In ka jona yanzu, ai tafiya za ku yi."

Yaya ya ajiye wayar. Muka fito tsakar gida muka zauna.