Takalman Zuliha

"Ka taɓa su ka gani," in ji Kulu.

"To me za mu ci? Ɗanyar dawa?" mijinta Tahiru ya amsa.

Ba da ƙarfi suke faɗan ba. A shekarar farin nan ba mai ƙarfin ɗaga murya, shi ya sa dole na ja tabarmata kusa da ƙofarsu. Ni Jummai ce, mai gidan, nan cikin Birni, Inna suke ce mini. Su kuwa baƙi ne daga Durum, na ba su ɗakin awakina tunda awakin sun mutu. Ba gulma ba ce in ɗakinka ne.

Ga abin da ya haɗa su. Kamiyon taimako ya kawo wata jar dawa mai taurin tsiya, wuni take a wuta. Itace babu. Kara babu, kashin shanu babu, tunda shanun ma babu. Zanar gidan mun riga mun ci tuwo da ita.

Sai Tahiru ya koma bin juji yana tsinto roba. Manomi ne, bai iya zama haka nan. Zai soka gutsure a ƙusa, ya ƙyasta alimeti, ashana ke nan, ya tsuguna yana kallo kamar mai duba. Ni ma nakan tsuguna. Ya gano in ya kunna daga ƙasa wutar kan haye da gudu, in daga sama ne sai ta sauko kamar ni a kan matakala. Bido, jarkar roba, yakan ɗiga, kowane ɗigo da ƴar wutarsa. Leda kuwa fuu, shi ke nan. Wadda ta fi daɗewa tsohuwar silifata ce mai laushi, da ita muka dafa rabin tukunya. Tuwon ya yi warin taya, muka cinye.

Ranar nan juji ya ƙare, kowa ya koyi dabarar. Robar da ta rage a gidan kaf, takalman Zuliha ne, ƴarsu da ƙyanda ta ɗauke a hanyar zuwa. Korayen takalma masu tauri, masu maɗauri. Kulu a ƙullin zaninta take ajiye su.

"Takalmi takalmi ne," in ji Tahiru. "Na Inna ya dafa mana rabi. Waɗannan biyu ne."

"Ko sau biyar ba ta saka su ba, Baban Zuliha."

"Na sani. Ni na saya."

Ya leƙo ya gan ni. "Inna, ki yi mata magana."

"Ni wucewa nake," na ce, ina zaune.

Can sai Kulu ta fito, ta kwance ƙullin, ta jera su ƙarƙashin tukunya da hannunta, gefe da gefe, yadda ake ajiyewa a ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ruwan kukan ma sai an sha.

Tahiru ya kunna daga ƙasa, yadda ya koya. Wutar ta kama, kore-kore. Da ya janye alimeti, ta mutu. Ya sake, ta mutu. Hayaƙin ya shiga mana hanci kamar barkono, na yi ta tari. Ashe ba irin robar silifa ba ce, wannan ba ta riƙe wuta, baƙi kawai take yi tana lanƙwashewa. Ya yi ta ƙyastawa har kwalin ya ƙare.

Na sa yatsa a tukunya. Ruwan ko ɗumi bai yi ba.

Kulu ta sa tsinke ta jawo abin. Dunƙule ɗaya ne yanzu, baƙi, ba a gane dama da hagu.

"Kulu," in ji shi.

Ta ɗaure dunƙulen a zaninta da zafinsa. Ta bi ta gabana ba ko sannu, ta ratsa zaure, ta jawo ƙofar kwanon ta buga.