Ranar da Baba Luka Ya Waiwaya

Ba don sha'awa Baba Luka ya fara gudu ba. Dattijo ne mai furfura, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, dattijon coci ne kuma, wanda ko ruwan sama bai cika sa shi sauri ba. Likita ne ya ƙi ɓoye masa: sukari ya yi yawa, ƙafar hagu ta fara mutuwa, in bai motsa jiki ya sauke tumbin nan ba, zancen zai ƙare a ɗakin tiyata. Luka bai buƙaci ƙarin bayani ba. Yayansa da ke Kafanchan da ƙafa ɗaya aka binne shi.

Da ƙyar ya samo hanyar da ta dace da shi. Wata 'yar siririyar hanya ce da ta bi bakin babban lambatu daga bayan gidansu a Tarauni, ta zagaye kududdufi, ta ɓulle Gyadi-Gyadi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, ba ɗan adaidaita sahu da zai danna maka hon a kunne. Wari kam akwai shi, amma wari bai taɓa yi wa kowa dariya ba. Masu kallonsa ba su wuce awaki da 'yan ga-ruwa ba, su ma sun saba. Gajeren wando kuwa ya rantse ba zai sa ba, sai dogon wandonsa da tsohuwar shat da kambas.

Ran wata Talata da safe ya sha kwanar kududdufi sai ya yi kiciɓis da katanga. Sabon bulo, siminti ko bushewa bai yi ba, an datse hanyar tun daga bangon wani gida har bakin lambatu. Magini na sama yana ɗora wani layin.

"Malam, wannan fa hanyar jama'a ce," in ji Luka, yana haki.

"Baba, ni aiki aka sa ni. Filin Alhaji Abba ne."

"Har da bakin kwata ya saya? Gobe sai ya sayi warin ma."

Magini bai ko kalle shi ba. Ran Luka ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da ke hana mutum tunani. Maimakon ya juya gida, sai ya faɗa wani lungu ta hagu don kada gumin da ya fara ya tafi a banza. Lungun ya fito da shi kan titi kusa da kasuwar Tarauni, inda ba wanda ya san shi da wannan sana'a. Nan ya yi kuskuren. Yana gudu yana waiwayen katangar, yana nuna ta da hannu, yana masifa shi kaɗai.

To, mai motsa jiki ba ya waiwaye. Wanda aka biyo ne ke waiwaye, kuma wannan kowa ya san shi a Kano, musamman a makon da gari ke ɗar-ɗar ana ta jita-jita. Ɗan'azumi mai shayi ne ya fara hango dattijo da dogon wando yana falfala gudu yana duba baya, ya yar da ludayi. Onyekachi mai sayar da kayan mota bai tsaya tambaya ba, ya jawo ƙofar shago ƙarau. Wani ya ce, "An fara." Ba wanda ya tambayi abin da aka fara. Shaguna suka dinga rufuwa ɗaya bayan ɗaya, mata na fizgar yara daga hanyar makaranta, tiren tumatir ya kife a tsakiyar titi. Abin takaici, shi kansa Luka da ya ga mutane suna wuce shi a guje, sai shi ma ya ƙara wuta. Sai da ya kusa Gyadi-Gyadi 'yan sintiri suka tare shi, aka bi diddigin magana ta dawo kansa.

A zauren mai unguwa aka zaunar da shi a tabarma kamar wanda ya saci akuya.

"Baba Luka," in ji mai unguwa, "kai babba ne, ka san garin nan. Yau Allah ya kiyaye. Daga yau a daina gudu a unguwar nan. In motsa jiki ne, ga filin wasa can."

"Ranka ya daɗe, filin wasa yana ina, ni ina ina? Hanyata ce aka toshe. Shi wanda ya toshe ta an kira shi?"

"Yana da takardunsa."

"Ni kuma takardar me zan kawo? Tun ina saurayi nake garin nan, a nan na haifi 'yata, a nan na aurar da ita. Yara suna gudu a titi kullum ba wanda ya rufe shago. Ni na ɗaga ƙafa, gari ya tashi, kuma laifin nawa ne? Wa ya koya wa mutane wannan tsoron, ni?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri, amma maganarsa tana nan.

Luka ya fito yana huci. Ya ƙudura a ransa gobe sai ya yi gudun, kowa ya rufe abin da zai rufe. Da wannan zuciyar ya isa gida, ya tarar da takalman mata a ƙofar ɗakinsa. Matarsa Mairo na zaune a ƙasa, an ɗaure mata hannu da ɗankwali, zaninta duk baƙin taɓo. Matan maƙwabta da ke kewaye da ita suka miƙe suka ba su wuri.

"Maman Joy, me ya same ki?"

Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi tayar masa da hankali. Ta ce tana shara ta ji ana cewa an biyo wani dattijo Kirista ta bayan kududdufi. Kowa na gudu yana barin wurin, ita ta nufe shi ba takalmi. Ta tarar da katanga, ta kama za ta haura, ɗanyen bulo ya zubo da ita.

"Da na tashi, cikin lambatun na shiga, Baban Joy. Da hannu na dinga laluben ruwan."

Ya buɗe baki zai yi maganar likita, ta riga shi.

"Na san abin da ya ce. Gara su yanke ƙafar, in dinga tura ka a keke ina ganinka."

Luka ya dube ta. Fushin bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai sauke wa. Ya zauna a bakin gado, ya sunkuya ya fara kwance igiyar kambas ɗinsa, ta hagun ya fara.